Na Haye Gadar Igiya, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Hajara. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarki Salamatu ce daga ɗakinmu na unguwar Dichemso.

Na je, Yaya. Ranar Asabar na je dajin nan na bayan Cape Coast, wanda kullum kike cewa za mu je idan cinikin waakye, shinkafa da waken da muke sayarwa, ya lafa. Bai lafa ba har shanyewar jiki ta kwantar da ke shekara biyu.

Wanmu Yaya Sani ya hana ni. Wai mace mai jikoki, ga hawan jini, me za ta nema a kan tudu? Matan unguwa kuma suka ce tsufa ya fara taɓa mini kai. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaura takalmin kambas ɗin jikata, na shiga mota da sassafe. Su ba su ji abin da kika gaya mini ba ranar da nake juya ki a katifa: "Salamatu, yi tafiya tun ƙafa tana jin maganarki."

Hanya doguwa ce, gonakin koko da kwakwar manja hagu da dama. Bayan mun haye kogin Pra na sayi lemu a hannun wata tsohuwa. Ba na jin yarenta sosai, amma mun yi dariya tare.

Hawan tudun ya ba ni wuya, ba zan ɓoye miki ba. Sau huɗu ina zama a kan saiwar itace, 'yan mata suna wuce ni. Mai yi mana jagora ya ce in jira su a ƙasa. Na ƙi.

Gadar kuwa katako ne siriri da igiya, can saman itatuwa, tana lilo. A tsakiya na tsaya cak. Na riƙe igiya, na kira sunanki da ƙarfi, kowa ya waiwayo. Ban ji kunya ba. Na ƙarasa da ƙafata.

Yanzu ƙafafuna a kumbure suke, Yaya Sani ya daina amsa gaisuwata. Zai huce. Ni dai ba zan zauna a ɗaki ina jiran ciwo ya zo ya same ni ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki ƙafafu masu ƙarfi a Aljanna.

Taki,
Salamatu