Ƙwaryar Daddawar Inna

Zuwa ga ƙanena Sale, a Toranke,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya iyalinka da yara, yaya damina? Ni ina nan Shagamu ina ɗaurin goro, lafiya daidai gwargwado.

Wani mai shanu ɗan Gafasa ya sauka a zangonmu, ya ce za a sa wa kayan miya haraji a kasuwar Gaya, wai har ka ce Inna ta daina kai daddawa. Muka yi ta musu, ya ce, "Kai da ba ka ƙasar, mene ne naka?" A cewarsa rumfunan kasuwar za a gyara da kuɗin. Ban ƙaryata shi ba, na san suna yoyo. Amma harajin shanu da na gyaɗa ba su isa ba, sai ƙwaryar tsohuwa?

Sale, kada ka hana ta. Ba riba take nema ba. Tun rasuwar Baba, a gindin tsamiyar kasuwar nan kaɗai take samun abokan hira. Harajin a kaina, zan aiko. Ni na san yadda ake wuni ba wanda ya kira sunanka.

Ka gai da mutanen gida. Inna ta sa ni a addu'a.

Yayanka,
Habu