Fuskar Baba a Gaban Mawaƙa

Kalgo,
3 ga Disamba.

Ƙawata Rumaisa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya Mufida da makaranta, yaya mutanen Gwandu? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kyamarori biyun da kika ba Sambo direba sun iso. Kin tambaya me zan yi da kyamara alhali ina da waya. To, saurara. Ranar ashirin ga wata za a yi taron waƙoƙin Kirsimeti a cocinmu, kuma shi ne na ƙarshe da Baba zai jagoranta kafin shi da Mama su koma Zuru. Shekara ashirin da bakwai yana tsayawa gaban mawaƙa, bayansa ga jama'a. Na zazzage akwatin hotunanmu, duk ƙeyarsa ce. Mama ma, da ke zama a benci na biyu, ba ta taɓa ganin fuskarsa yana wannan aiki ba. Fuskar nake son ɗauko mata.

Mai son ganinta sai ya tsaya cikin mawaƙa, don haka na shiga sahunsu da muryar nan tawa da kike cewa tana korar kaji. Kin ga dole kyamarar ta ɓuya a hannun riga, ba ƙara, ba filashi, don Baba ya hana. Ƙwan lantarki uku kacal ke cocin, ga shi sai rana ta faɗi ake farawa. Bara da waya aka ɗauka, fararen riguna da haƙora kawai suka fito.

Na gwada kyamarorin a madafa, na rufe ƙofa don haske ya ragu, Mama tana tuƙa tuwo. Mai dogon hancin, wadda kike yabo don tana jawo na nesa, ta mai da hannun Mama hayaƙi. Gajerar mai faɗin ido, wadda kika raina don ta tsufa, ta kamo har zufar goshinta. Ita na zaɓa, tunda taku huɗu ne tsakanina da Baba. Tsorona ɗaya, kada ya gan ni ya ɗaure fuska.

Ki gaida Inna.

Taki,
Dibora.

Kalgo,
23 ga Disamba.

Rumaisa,

Ina gaisuwa, da fatan Inna ta ƙara samun sauƙi.

Na bi koyarwarki, na manne gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi. Kin dai manta ki gaya mini mai riƙe numfashi ba ya waƙa. Baba ya ga bakina a rufe, ya yi ta zabga mini harara, hoto tara duk harara ce. Raina ya ɓaci, na fid da rai.

A waƙar ƙarshe ya lumshe ido, ya manta da ni. Na danna sau uku. Biyu sun girgiza, ɗaya ya fito: hannunsa a sama, yana wani murmushi da ban san shi da shi ba.

Jiya na nuna wa Mama. Ta daɗe tana kallo, har na zaci bai yi mata ba. Can ta ce, “Rabona da wannan fuskar tun ranar da ya zo neman aurena. Ashe tana nan, ni ce ke zaune a bayanta.”

Sambo zai dawo miki da kyamarorin gobe. Ki wanke mana hoton babba, Mama ta riga ta kafa ƙusa.

Taki mai godiya,
Dibora.