Layi Biyu na Bulo

Litinin, 3 ga Yuni

Ruwan farko na kirki ya sauka yau bayan la'asar, ya shigo mana kuma bai fita ba. Shigowa dai ya saba. Layinmu gangare ne, tsofaffi ma cewa suke rafi ne kafin a yanka filaye. Ruwa yakan gangaro daga sama, ya tsallako ƙofarmu, ya ratsa tsakar gida, ya fice ta rariyar baya zuwa fili. Mu ɗage tabarma, mu kwashe takalma, shi ke nan. To bana an gine filin. Katangar mai ginin ta zauna daram a bakin rariyarmu.

Sai da ya kai idon sawu. Na tsaya a ƙofar ɗakin Mama da tsintsiya a hannu kamar wata sakarya, ina kallon sa yana lasar dokin ƙofa. Ita tana ciki a kan katifa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ta faɗo daga gado, a ƙasa muke yi mata shimfiɗa. Ko juyawa ba ta yi sai an juya ta.

Baban yara ya ce mu ɗaga ƙofar gida kamar kowa. Na ce ba da ni ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Da na taso daga makaranta na bi layin a hankali ina duba ƙofofi. Mai Kanti, can sama, ya ɗaga tasa bara, yanzu sai an taka matakala ake shiga. Direba ya gani, ya ɗaga tasa ya ɗara. Mai Walda ya bi sahu. Kowa ya tura wa na ƙasa da shi, ya shige ya rufe ƙofa. Saura mu, sai Tela. Daga gidanta babu gaba, bango ne. Gidan har ya nutse, tagarta a gwiwata take.

In muka ɗaga, ruwan layin nan kaf a ɗakinta zai sauka. Matar da ke zama da Mama kullum ina aji! Ta ɗauko ɗinkin hannu ta zauna gefen katifa, ta ba ta magani, ta juya ta, ko godiya ba ta son ji. Miji ya rasu, ɗaki biyu na haya, keken ɗinki ɗaya. Haba. Ni ba haka aka rene ni ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Gida-gida na bi, a haɗu a haƙa kwata a gefen layi. Mai Kanti yana auna sukari ko ɗagowa bai yi ba. Wai, "Malama, ruwa na Allah ne, ni na aiko shi?" Na ce Allah ne ya aiko shi, amma kai ka nuna masa ƙofata. Masu sayayya suka yi dariya, shi bai yi ba.

Direba ya ce magana ce mai kyau. Mai Walda ma ya ce magana ce mai kyau. Da na tambayi ranar da za a fara, kowa ya tuna yana da uzuri. Kwatar za ta ci taku ɗaya daga gaban kowane gida, a nan gizo ke saƙar, babu mai ba da taku ɗayan.

Mai ginin baya ta taga ya amsa mini. A filinsa ya yi gini, in je in tuhumi wanda ya sayar masa.

Talata, 11 ga Yuni

Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ban san abin da na koya wa yara yau ba, idona na taga.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na jawo wa kaina. Ofishin tsara gari da na kai kuka sun turo mutum biyu. Suka ɗauki hoto da waya, suka leƙa rariya, ɗayan ya ce ai layin nan gaba ɗaya a kan hanyar ruwa yake, in aka buɗe maganar rusau ne, ba kwata ba. A gaban kowa ya faɗa.

Yanzu ni ce muguwar. Matar Direba ta wuce ni ba gaisuwa. Baban yara ya shigo yana huci: "Kin ji daɗi? Za ki sa a rushe gidan da muka tara da gumi saboda taurin kai." Na ce da shiru na yi sai ka ce ba na kishin uwata. Muka kwana kowa ya juya baya.

Alhamis, 20 ga Yuni



Ina aji aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na bar yara da malamin aji huɗu na fito da gudu. Layin ya zama kogi, ja wur, da leda da takalman mutane. Da ƙyar na tura ƙofa. Tsakar gida ruwa har ƙauri, ya riga ya tsallake dokin ƙofar Mama.

Na same su a kan teburin guga. Tela ce ta jawo shi, ta cicciɓi Mama ita kaɗai, Allah kaɗai ya san yadda ta yi, ta hau ta rungume ta don kada ta zame. Katifa na yawo a ƙasa. Zanin Mama sharkaf, haƙoranta na kaɗawa, bakin nan da ya karkace yana ta motsi babu magana. Tela ta ce, "Malama, ba ta sha ba, kanta dai bai taɓa ruwa ba." Ita ke lallashina. Sai daga baya na tuna nata gidan a buɗe ta baro shi.

Da ba ta nan fa? Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Mama na tari. Na kira Yaya ko zai ɗauke ta zuwa ƙarshen damina. Wai gidansa a bene yake, matarsa na aiki, yara na jarrabawa, in yi haƙuri. Kullum ni ce mai haƙurin.

Lahadi, 23 ga Yuni

Baban yara ya kawo Magini, wai ya duba kawai. Na ce a ɗaga dokin ƙofar ɗakin Mama kaɗai, a bar ƙofar gida. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bangon bayan ɗakin da cokalin gini, siminti ya zubo kamar gari. Ya nuna mini tsaga, yatsana ya shige. Ya ce muddin ruwa na kwana a tsakar gidan nan bangon sha yake yi ta ƙasa, kuma in zai faɗi ciki zai faɗi. Wajen kan Mama ke nan.

Na tambaye shi, in za a ɗaga ƙofar, yaya ake gane tsayin da ruwa zai kai? Ya yi dariya. "Malama, mu ba da ruwa muke awo ba. Da ƙofar maƙwabci muke yi." Ya ja igiya daga dokin ƙofar Mai Walda zuwa tamu, ya sa alama da gawayi, ya ƙara layi biyu na bulo a sama. Haka ya yi wa Direba, haka ya yi wa Mai Walda. Duk layin nan shi ya ɗaga shi, gida bayan gida.

Na ce to Tela fa? Ya leƙa ya dawo. Tata ba ta ɗaguwa, ƙofar ta yi ƙasa da yawa, in aka ƙara bulo sai dai ta riƙa shiga da rarrafe. Ya naɗe igiyarsa ya ce mu yi shawara.

Na tsani mutumin nan. Kuma gaskiya ya faɗa game da bangon.

Talata, 25 ga Yuni

Na shiga wurin Tela da niyyar in faɗa mata maganar ɗaga ƙofarmu. Tana kan keke, ta ɗora shi a kan bulo, buhunan ɗinkin mutane rataye a ƙusa. Ta ce ta buɗe wa Mama riguna biyu ta baya don sawa ta yi sauƙi, saura maɓalli. Na yi ta yaba ɗinki. Na tashi na fito.

Alamar gawayin na nan a bangonmu, kullum ta gabanta take wucewa. Ba makauniya ba ce.

Alhamis, 27 ga Yuni

Tsagar ta ƙaru, ko idona ne. Na ce wa Baban yara ya yi abin da ya ga dama. Ya ce a'a, in faɗa da bakina, kada gobe in ce shi ne. Na faɗa.

Asabar, 29 ga Yuni

An yi. Tun da safe aka sauke yashi da bulo. Na shige ɗakin Mama na ƙi fitowa, ina jin ƙarar shebur.

Wajen azahar sai ga sallamar Tela, ta kawo rigunan. Na fito na same ta tsaye a waje, bulo ya kai mata gwiwa, siminti ɗanye. Ta dubi aikin, ta dubi gangaren zuwa ƙofarta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ta riga ni: "Riƙe mini ledar, Malama, kada in ɓata muku aiki." Ta tattare zani ta tsallako a hankali. Ta sa wa Mama rigar da hannunta, ta ɓalla maɓallan, ta yi mata wasa wai ta zama amarya. Da za ta tafi ta ce Allah ya sanya alheri.

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Laraba, 3 ga Yuli

An yi ruwa da yamma, mai yawa. Tsakar gidanmu wanda ya sauko daga sama ne kawai, tsintsiya ta kore shi. Ɗakin Mama ƙamas.

Na hau kan sabon bulon na leƙa. Ruwan ya zo, ya daki ginin, ya karkata, ya miƙe. Ƙofar Tela ta haɗiye shi gaba ɗaya. Baban yara da Mai Walda suka shiga har ƙugu suka fito da kan keken. Buhunan ɗinki biyu sun tsinko daga ƙusa, ciki har da farin leshin wata mata. Tela na tsaye a ruwa da tukunya a hannu, tana kwasa tana zubarwa, inda ta zubar nan yake dawowa.

Na ce ta zo ta kwana a wurinmu. Ta ce ta gode, za ta je gidan ƙanwarta. Na dawo na juya Mama, na ba ta maganin tari. Abin da ban so ba shi ne, da na taɓa katifar na ji ta a bushe, daɗi na ji.

Juma'a, 5 ga Yuli

Mai leshin ta zo ta yi wa Tela tijara a bakin layi, har da tafa hannu. Ina ji daga ɗaki. Ban fita ba, me zan ce?

Matar Direba ta gaishe ni yau, har da tambayar jikin Mama.

Lahadi, 14 ga Yuli

Tela ta kwashe. Ruwa biyu aka ƙara bayan wancan, ɗakin ya ɗauki wari, bango ya yi kore. A-kori-kura ɗaya ta ɗauke kayan duka. Ta shigo ta yi wa Mama sallama, ta daɗe riƙe da hannunta mai lafiyar. Ni kuma ta ce mini in riƙa sa filo tsakanin gwiwoyinta in na juya ta hagu, ta fi jin daɗin haka. Ban ma sani ba. Uwata.

Na ce, "Yaya Tela, ki yafe mini." Ta ce, "Uwa ce, Malama." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Na nemi hutu a makaranta har a samu mai zama da Mama.

Talata, 23 ga Yuli

Mai gidan da Tela ta bari ya zo da Magini. Ina shanya na ji su ta katanga. Wai in bai samu ɗan haya ba kafin ƙarshen damina, rushe gidan zai yi, ya zuba ciko tifa-tifa, ya tayar da sabon gini. Sai na ji Magini na cewa a miƙo masa bakin igiya. Na leƙa. A ƙofarmu ya ɗora ta.

Layi biyu sama da tamu. In aka yi haka ruwan ba shi da wurin zuwa, nan zai taru a gabanmu har ya tsallako, mu koma na ƙarshe. Baban yara ya ce to sai mu ƙara. Mu ƙara zuwa ina, rufi?

Mama na ta kallon ƙofa, tana haɗa sunan Tela da rabin baki. Na ce mata ta yi tafiya.

Asabar, 3 ga Agusta

Kwana biyu ba ruwa, layi ya bushe. Mai gidan ya sa an shafe ɗakunan da farin fenti, koren ya ɓace.

Da hantsi wasu suka zo duba gidan, saurayi-saurayi da matarsa, da jaririya a baya. Shi ya shiga da dillali, ita ta tsaya a inuwar katangarmu tana jijjiga goyo. Yarinya mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce hayar ta yi musu sauƙi har tana tsoro. Sai ta rage murya: "Anti, don Allah, ruwa na shiga gidajen nan?"

Na ce mu dai ba ya shigar mana.

Ai ba ƙarya na yi ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce ta ji daɗi da ta samu babbar yaya a kusa. Ranar Litinin za su tare.

Tarin Mama ya yi sauƙi. Na kwashe shanya da wuri, gabas ta fara haɗa hadari.