Hannun Naum Markovich

Litinin, 7 ga Maris, 1994
Kulob ɗinmu na 'yan ces, wato darar Turawa, a Brighton Beach zai yi wa Naum Markovich Zeldin bikin cika shekara tamanin. Ni aka zaɓa in kara da shi gaban jama'a. Tun muna samari a Odessa yake lallasa ni, ban taɓa cinsa ba. A littafin da ya rubuta kan ces layi ɗaya ya ba ni: "Fima ya san dokoki."

Alhamis, 10 ga Maris
'Yarsa Raisa ta zo da miyar kabeji a kwano. "Kawu Fima, hannunsa na rawa sosai. Don Allah ku tashi canjaras, wannan ne wasansa na ƙarshe." Na ce to. Miyar ba gishiri.

Lahadi, 13 ga Maris
Ɗaki ya cika, har da 'yan jarida. Naum Markovich ya zauna ya dube ni sama da ƙasa. "Fimochka, kana nan da rai? Wa ya koya maka wasan?" Aka kwashe da dariya.

Wasa ya yi nisa, ya matse ni. Ya miƙa hannu zai ɗauki doki, kowa ya ga dokin ya nufa, sai hannun ya karkace ya bugi sarauniyarsa.

Na ce, "Ka taɓa ta, Naum Markovich. Abin da aka taɓa shi ake motsawa."

Raisa ta ce, "Kawu, ka yi mini alkawari!" Ban kalle ta ba. Duk inda sarauniyar ta je mutuwa za ta yi, ya sani, na sani. Ya tura ta da hannu biyu, ɗaya na tallafe da ɗaya. Na cinye ta. Ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama.

Da muka gaisa ya jawo ni kusa. "Barka, Fima. Ka ci hannun tsoho."

Ya faɗi abin da yake so. Na ji daɗi, daɗi ƙwarai.

Litinin, 14 ga Maris
Na jera wasan a gida. Da ya ɗauki dokin nan, da na mutu. Ba wanda zan gaya wa.

Laraba, 23 ga Maris
A kulob ba mai zama teburina. Munafukai, ni na rubuta dokar? An ce Naum Markovich ya daina kusantar allon ces, zaune yake wuni hannuwa a hammata.

Talata, 5 ga Afrilu
Na biyo ta layinsu don sayen kifi. Raisa ta buɗe ƙofa, ko sannu babu. Na jera allo a gabansa na ce, "Faɗi da baki, ni zan motsa maka."

Ya daɗe yana kallona. "Doki, kai jaki. A'a, wancan."

Da hannuna ya cinye ni, wasa bayan wasa, yana zagina har shayi ya huce.

Na manta kifin. Dole in sake bi ta can gobe.