Ni Na Shirya Kiɗan Da Ya Kayar Da Kawuna

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyalanku. Don Allah ku ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci, don zagin da za ku yi mani na riga na yi wa kaina shi shekara goma sha biyu. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su.

Ni mutumin Madawa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai wan mahaifiyata ya ɗauke ni ya riƙe. Kawu tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Jamus, duk gari Sarjan ake ce mashi. Dogo ne, ba ya dariya, in ya bi ta kasuwa har mahauta sukan rage murya. Amma akwai abin da na sani game da shi wanda ko 'ya'yan cikinsa ba su sani ba. Wata damina, ina ɗan shekara goma, hadari ya taso da rana tsaka kowa yana gona, aka yi wata tsawa mai ƙarfi, na ruga ɗakinsa don in ɓuya. Sai na iske shi ƙarƙashin gado, ya toshe kunnuwa, jikinsa yana ɓari, yana kiran sunayen wasu mutane da ban taɓa ji ba. Da ruwa ya ɗauke ya fito, ya kama hannuna ya ce, "Abin ga da ka gani, daga ni sai kai sai Allah." Na ce to, Kawu.

Da na girma sai kiɗa ya shiga raina. Lokacin samari suna shigo da faifai daga Najeriya, kiɗan rok na gita mai lantarki, mu kuwa muka haukace a kansa. Mu biyar muka haɗa orkes, wato ƙungiyar kiɗa, muka tara suma, muka ɗinka wanduna masu faɗin ƙafa. Ni ke riƙe da gita ina waƙa, abokina Illo, ɗan Galma, shi ke buga ganguna. Kawu ya ƙi jinin abin nan. Wata ranar kasuwa ya iske mu muna gwaji a zauren wani tela, bai yi sallama ba, ya fizge gitar daga wuyana ya maka ta da bango har sau uku, ya mare ni gaban abokaina da 'yan matan da ke leƙe, ya ce, "Ɗan ƙanwata ba shi zama maroƙi ina raye." Ban yi kuka ba, amma na riƙe abin a zuciya.

Bayan babban fari, mazan jiya da matan waɗanda suka mutu a yaƙi sun shiga wahala ƙwarai. Sai hukumar gari ta shirya wasa ranar da ake tunawa da sojojin da suka mutu, kowa ya shiga da abin da ya samu, ko tiyar hatsi ce, a raba masu. Aka gayyaci makaɗan gargajiya, aka ce mu ma mu zo don mu jawo matasa, har aka ara mana gita da amfili, wato na'urar ƙara sauti, da injin wuta. Da na ji za a zaunar da tsofaffin sojojin a layin gaba, nan take shaiɗan ya kawo mani dabara. Na ce wa abokaina mu rufe wasan da kiɗan da zai kwaikwayi yaƙi, don girmama su. Ni zan kai gita bakin amfili ta yi ta kuka kamar jiniya, Illo ya yi ta sakin ƙaramar ganga kamar harbin bindiga, sannan mu sa makirfo cikin wani babban duro na ƙarfe, in na ɗaga hannu ya maka mashi taɓarya. Illo har tsalle ya yi, ya ce, "Wallahi tsohhin nan za su ji daɗi, za su san ba mu mance da su ba." Shi da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa na san abin da nake yi. So nake Kawu ya razana gaban jama'a, a yi mashi dariya kamar yadda aka yi mani. Iyakar abin da na nufa ke nan, amma wa zai yarda? Kuma ko an yarda, wannan ɗin ƙaramin abu ne?

Bayan la'asar aka fara, a filin ƙwallo, jama'a har daga Bouza da Keita. Mazan jiya suna zaune kan benci, sun sa tsofaffin kakinsu da lambobin yabo a ƙirji, Kawu yana tsakiyarsu ya miƙe wuya. Waƙoƙinmu na farko sun tafi lafiya, matasa suna ta ihu, har na hango Kawu yana ɗan kaɗa ƙafa. Na rantse maku na ga wannan da idona, kuma da na so da na fasa. Ban fasa ba. Na kai gita bakin amfili, Illo ya saki ganga, na dubi Kawu ido cikin ido, na ɗaga hannu.

Ƙarar da duron nan ya yi, ni kaina sai da na ja da baya. Tsofaffi da yawa suka zabura, wani ya faɗi da benci. Kawu kuwa ya zube ƙasa, ya ja ciki cikin ƙura yana neman shiga ƙarƙashin benci, yana ihu da Faransanci, yana kiran sunayen nan da na ji ina yaro. Hularsa ta faɗi, wandonsa ya jiƙe gaban sufurufe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, da matan gari da surukansa. Yara suka fara dariya, wata tsohuwa ta daka masu tsawa, sai filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai injin wuta da muryar Kawu. Mutum huɗu suka ɗauke shi yana fizge-fizge.

Kafin jandarmomi su iso, Mahamman, babban ɗan Kawu, ya hau dandamali ya karɓe taɓaryar ya sauke ta a hannun Illo, ya karya mashi yatsu uku. Da aka tara mu ana tambayar wa ya kawo wannan shawara, Illo yana riƙe da hannu ya raɗa mani, "Kai ɗan gida na, in ka yi magana ba ka da wurin kwana. Bari in ɗauka, ai ni na buga." Ya ce shi ne. Na yi shiru, sauran ma suka yi shiru. Ya kwana biyu a tsare, da aka sake shi gari ya ƙi shi, ko ruwa ba a son sayar mashi. Ya tafi Najeriya, orkes ta watse, ni ban sake taɓa gita ba.

Kawu bai sake fita ƙofar gida ba, ko masallacin Juma'a. Mutumin da gari ke tsoro ya koma yana jin kunyar yaran makwabta. Ni na yi ta jinyarsa, ni ke kai mashi ruwan alwala, ni ke yi mashi aski, mutane suna ta sa mani albarka. Wata safiya ina yanke mashi farce sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ɗai ka taɓa ganina ƙarƙashin gado." Na dakata da yankan. Na jira ya ci gaba, ya zage ni, ya kira Mahamman. Sai kawai ya miƙo ɗaya hannun ya ce, "Ida yankewa." Bai ƙara tada maganar ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Kafin damina ta zagayo ya rasu. Ana saura kwana kaɗan ya tara iyali ya ce in Rakiya, autarsa, tana so, ya ba ni ita. Ta ce tana so. To ku gaya mani, yafewa ce wannan, ko so ya yi in riƙa ganin fuskarsa kullum a gidana?

Yanzu ni da Rakiya muna da 'ya'ya huɗu, babbansu sunan Kawu gare shi, kuma idanunsu ɗaya. Ina da shagon gyaran rediyo a bakin hanya, ba na rasa abinci, amma ban san kwanciyar rai ba. In yara suka buga duro a rijiya sai in zabura. In aka kawo rediyo ta yi irin kukan gitar nan lokacin da nake gyara, sai in ga ƙura, in ga hula tana gangarawa. Duk ranar da aka yi tsawa nakan kalli ƙarƙashin gadonmu, na san ba kowa, amma sai na duba. Rakiya takan ce wa yara, "Ku yi koyi da babanku, shi ɗai ya tsaya ma Baba lokacin da wani la'ananne ya kashe shi da rai." Ina zaune ina cin tuwon da ta tuƙa take faɗin haka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Illo ya dawo Galma watan jiya, ba lafiya, tari ya cinye shi. Ya aiko a kira ni, na hau mota na je. Na iske shi kwance a rumfa, ya rame har ban gane shi ba sai da na ga yatsun nan a karkace. Ya yi murna da ganina, ya tambayi iyali, ya tuna mani waƙoƙinmu yana dariya yana tari. Can sai ya kama rigata ya ce, "Abokina, ni tawa ta ƙare. Shekarun ga duka ban yi sallar da ban roƙa ma Sarjan gahwara ba. Hannun ga nawa ya kashe shi. Kai suna jin maganarka, ka tai ka roƙa mani Mahamman da Rakiya su yahe mani. Ka ce masu ban sani ba, wallahi da ni da kai duk ba mu san shina da wannan lalura ba." Yana kuka yake faɗa. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa, "To, in sha Allah."

Yau kwana tara ke nan ban gaya wa kowa ba, kuma jiya ƙanen Illo ya biyo ta shago ya ce jikin ya ƙara tsanani, kullum yana tambaya ko na zo da amsa. In na je na roƙa mashi gafara a kan ƙarya, ko sun yafe, na sake barin shi da kayan da ba nashi ba har kabari. In na faɗi gaskiya, na san Mahamman, na san Rakiya ba za ta ƙara kwana ɗaya a ɗakina ba, kuma 'ya'yana za su tashi da sanin abin da ubansu ya yi wa kakansu. Shi kansa Illo, in ya ji cewa na sani tun farko, na bar shi ya ba da hannunsa da garinsa saboda ni, sauƙi zai samu ko baƙin cikin ne zai ƙarasa shi? Malamai da iyaye da ke karanta wannan shafi, lokaci ya ƙure mani, mutumin nan yana jirana. Don girman Allah ku gaya mani, me zan yi?