Ganyen da Bai Zo Ba Bana

Mount Gambier, 22 ga Afrilu

Desmond,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, in har kana nan. Shekara goma sha tara ke nan da na bar gidanka, kuma kowace kaka, a watan Afrilu da ganye ke yin ja a ƙasar nan, sai ambulan ya iso mini da jan ganye guda na bishiyar da na dasa, babu ko kalma ɗaya. Bana shiru. Kai ne ka mutu ko bishiyar? Na tambayi 'yarmu Kerry, ta ce ita ba gidan waya ba ce.

Ka huta lafiya,
Valmai

Burra, 28 ga Afrilu

Valmai,

Bayan gaisuwa, ina raye, ko da yake ba wanda ya nemi shawarata a kan hakan.

Ranar tunawa da sojoji, lokacin da muke sa ran ruwan shuka, ta wuce, ruwa bai sauka ba. Manoma sun gaji da kallon sama, sun shuka alkama a busasshiyar ƙasa. Yau da safe na ƙwanƙwasa tankin da nake tara ruwan rufi tun daga sama, sai a gaɓa ta biyu daga ƙasa ya amsa da muryar ruwa. Da shi nake sha, da shi nake wanka.

Bishiyarki ba ta yi ja ba. Tun watan Maris ganyen ya ƙone ya zama ruwan ƙasa, ya nannaɗe a kan reshe. Shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa a kwalejin noma cewa itatuwan ƙetare irinta ba su dace da ƙasar nan ba, har littafi na rubuta. Aka rufe sashena, ɗalibin da na fi ji da shi yanzu ciyawar roba yake sayarwa. To ga shi gaskiyata ta fito a tsakar gidana, babu mai tafa mini.

Zan iya ɗora wa fari laifi, ki yarda. Amma ba haka aka yi ba. Duk shekarun nan ruwan wankana nake tarawa a bokiti in kai mata. Maƙwabcina Merv kan leƙo ta katanga ya ce, "Farfesa, yau ma za a kai wa abokiyar gaba shayi?" A watan Janairu Kerry ta gaya mini kin koma ƙaramin ɗaki, kin zubar da duk tarkacen da. Na san abin da ake nufi da tarkace. Daga ranar na ajiye bokitin.

Wasalam,
D. Kuchel

Mount Gambier, 3 ga Mayu

Desmond,

Na gaishe ka. Wasiƙa ta farko cikin shekara goma sha tara, kuma lacca ce. Ba ka canja ba. Kujeru da tukwane na zubar. Ganyayen suna cikin littafinka, kowanne a shafinsa, na rubuta shekara a gefe. Littafin yana da nauyi, ya danne su da kyau. Karantawa dai ban taɓa wuce babi na biyu ba.

Ni ma in faɗa maka tawa gaskiyar. Don in ba ka haushi na dasa ta, ranar da ka gyara mini magana a gaban baƙi. Na ɗauka mako ba zai cika ba za ka tumɓuke ta.

Da ka tambaye ni ai da ka ji. Amma kai tambaya sai ɗalibi.

Sai na ji daga gare ka,
Valmai

Burra, 11 ga Mayu

Valmai,

Bayan gaisuwa, ruwa ya sauka ranar Talata da hantsi. Iska ce ta fara juyowa daga yamma, tumakin Merv suka taru a gindin shinge, sai ƙanshin ƙasa. Na tsaya a baranda ina jin sa a kan kwano.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi, sannan ya mayar da bututu cikin tanki. Na kwance bututun, ban mayar ba. Na haƙa 'yar hanya da shebur daga indararo zuwa gindin bishiyar, na bar mata ruwan rufin gaba ɗaya, yini biyu. Merv ya tarar da ni jiƙe sharkaf, ya ce a garin nan ni kaɗai ne mutumin da ruwa ya sauka tankinsa ya ragu. Ya ce in zo in ɗebi nasa, na ce ba na so. Jiya na je na ɗeba.

Kada ki sa rai. Ruwan Mayu ba ya mayar da ganyen da ya ƙone, na koyar da wannan sau ɗari. Itatuwan bakin titin coci sun yi ja da rawaya kamar an kunna musu wuta, har na tsinko ganye ɗaya zan aiko miki a matsayin naki. Na jefar a hanya.

Na kankare ɓawon bishiyarki da farce. Ɓangaren arewa ya bushe har ciki. Ɓangaren da ke fuskantar kicin akwai ɗan kore a ƙarƙashi. Ko za ta tofo, sai watan Satumba, lokacin tofon itatuwa a nan, za a sani. Ni ban sani ba, kuma ban saba rubuta wannan jimlar ba.

Ga ganyen bana, yadda yake. Ni na yi masa haka.

Naki,
Desmond

Mount Gambier, 16 ga Mayu

Desmond,

Gaisuwa. Ganyen ya iso a farfashe, na zazzage shi a shafinsa duk da haka.

Ban yarda da farcenka ba, zan zo in kankare da nawa. Motar Alhamis, ƙarfe huɗu. Ka mayar da bututun nan, ba zan sha shayi da ruwan Merv ba.

Sai na iso,
Valmai