Turaren da Bai Ƙare Ba

Madarunfa, 20 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Maigida, a Funtuwa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Inusa da iyalinsa. Inna na gaishe ka.

Nawa rabin turaren ya ƙare tun ranar Laraba. Ka san alkawarinmu: duk shekara in za ka tafi cin rani, in haɗa kwalba guda mu raba biyu, ranar da naka ya ƙare ka kamo hanya. Shekara shida ba ka saɓa ba, don kai ba ka iya tattali ba, zuba shi kake kamar mai alwala. To bana ni na riga ka, abin da bai taɓa faruwa ba.

Zafi ya kai matuƙa, tafki ya ja baya har da ƙyar na samu saiwar jema. 'Yan cin ranin ƙauyen Gabi duk sun dawo gyaran gona. Ko ka manta hanya ne?

Ka huta lafiya.
Matarka, Atika

Funtuwa, 29 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Atika.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Inna da mutanen gida. Takardarki ta iso hannuna. Shu'aibu ba ya da halin rubutu yanzu, shi ya sa na amsa. Ki sa a fara gyaran gonar, kada a jira shi. Zan zo da kaina nan kusa, mu yi magana.

Allah ya ba mu haƙuri da zamani.
Yayanki, Inusa

Madarunfa, 8 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Inusa.

Ina gaishe ka da girmamawa, amma ka yi haƙuri, yau bakina ba zai yi shiru ba.

Haruna direba ya ce ya gan ka ranar Litinin a Ɗan Issa, zaune bakin duwan, ofishin kwastan na kan iyaka. Da ya rungume ka sai ya ji ƙamshin turarenmu a rigarka. Bai yi kuskure ba, duk garin nan an san shi: ɓawon lemun tsami, na'ana'a, kajiji da saiwar jema, a cikin man da nake sayowa Maradi. Ba mai haɗa shi sai ni, ba mai sa shi sai mu biyu. Ka iso har Ɗan Issa, ka juya ba ka ƙaraso ba, kuma da turarena a jikinka!

Ashe ƙanenka kyauta ya yi da rabonsa. Wallahi ya ƙona mani rai. Wata uku ina auna nawa ɗigo-ɗigo don mu ƙare tare, shi kuwa ya mayar da alkawarin abin rabo.

Kuma Yaya, kada ka ji haushi, turaren nan ba naka ba ne. Kai mutum ne mai nauyi, sai an yi maka sallama uku kafin ka ɗaga kai. Irinku miski ya dace da ku, mai kama riga har shekara. Wannan na bazara ne, mai sauƙi, mace ta sa, namiji ya sa. Na mutumin da ke fashewa da dariya tun bai gama ba da labari ba, mai shiga gida da rana tsaka a ji kamar an yayyafa ruwa a tsakar gida. Don shi na fara haɗa shi, ranar da ya ce turarukan kasuwa na sa mashi ciwon kai, ya tsoma yatsa cikin nawa, ƙawayena suna yi mashi dariya wai ya sa turaren mata.

Na haɗa sabo. Kullum la'asar nakan shafa, in zauna zaure lokacin isowar motar Maradi. Ka gaya mashi na yi fushi, amma ya zo a yi fushin a gida.

Ƙanwarka, Atika

Funtuwa, 17 ga Yuni

Atika,

Assalamu alaikum. Kafin ki ci gaba, ki kira Salamatu maƙwabciyarki ta zauna kusa da ke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shu'aibu ya rasu ranar 9 ga Mayu, sanƙarau ne, kwana huɗu ya yi. Lokacin da kika rubuta takardarki ta fari, ya kwana goma sha ɗaya a ƙasa.

Bai yi kyauta da turarenki ba. A rana ta biyu, yana da sauran hankali, ya ce in sa mashi shi a likkafani. Ni na yi mashi wanka, ni na yayyafa. Rigar da Haruna ya ji ita ce a jikina ranar, na kasa ba da ita wanki. Da ita na taho in gaya maku, na zauna Ɗan Issa tun hantsi har la'asar, na tuna fuskar Inna, na tuna taki, sai na juya Funtuwa. Na zalunce ki, na bar ki kina ado a kwanakin da ya kamata kina takaba. Laifin a wuyana yake, ki yafe mani.

Akwai saƙo. Ya ce kada in zuba duka, in rage kaɗan a gindin kwalbar. Na tambaye shi dalili. Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce, "Atika za ta ce na saɓa alkawari. Ka nuna mata bai ƙare ba."

Kwalbar na wurina. Ina tafe ranar Juma'a ta sama, wannan karon zan ƙaraso.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana.
Inusa

Madarunfa, 22 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaya wa Inna. Na wanke jikina, na shiga takaba, sabon da na haɗa na ba Salamatu. Zuciyata ta karye, Yaya. Na yafe maka.

Ka zo da kwalbar. Ka toshe bakinta da kakin zuma, ka naɗe ta a tsumma, kada zafin mota ya sha abin da ya rage. Ba zan buɗe ta ba, ko bayan takaba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Atika